Makaɗin Da Ya Sayi Waƙoƙinsa

Wata rana da dare, zamanin da na ke koyarwa a ajin yaƙi da jahilci na unguwarmu, muka tashi daga karatu, kowa ya ɗauki littafinsa da fensirinsa ya kama hanyar gida. Sai wani dattijo majemi, wanda ya girme mu duka, ya tsaya yana gyaran lagwanin fitilarsa har aka watse. Sa'an nan ya matso ya ce, "Malam, tambaya gare ni." Na ce, "Allah ya sa na sani, Baba." Ya ce, "Yanzu da na iya haɗa baƙi da wasali, ina rubuta sunana da hannuna, ai ba sauran mai cutata da takarda, ko?" Na ce, "Babu, Baba, in Allah ya yarda." Ya yi murna, ya yi mini sai da safe, ya tafi.

Amsar nan tawa ta daɗe tana damuna. Ba don in ruɗe shi na faɗa ba, so na ke in ƙarfafa masa zuciya, don na san abin da ya kawo shi aji da furfurarsa. A can baya an taɓa sa shi ya dangwala yatsa a wata takarda, ya wayi gari rumfarsa ta kasuwa ta zama ta wani. Amma rabin gaskiya na gaya masa. Sauran rabin kuwa na tsince shi inda ba wanda zai zata, watau cikin tarihin wani makaɗin jita na ƙasar Amurka, ana ce da shi John Fogerty, da ƙungiyarsa mai dogon suna, Creedence Clearwater Revival.

Kada mai karatu ya yi mamakin inda na san su. Yayana direban babbar mota ne a da, ya kan yi Ikko ya komo. Sa'ad da na ke yaro, in an ba mu hutu na kan bi shi. Cikin kaset-kaset ɗinsa akwai wani da ya fi so, na wani Bature mai murya da kaushi, kamar ta wanda ya yini yana korar tsuntsaye a gona. Ba mu jin abin da ya ke faɗi, amma da ya fara sai ka ga Yaya yana buga sitiyari da yatsu. Sai bayan shekaru masu yawa na nemi labarin mai muryar.

Bari in fara da kayan aikin. Jita 'yar'uwar garaya ce da molo, sai dai tsirkiyarta shida, kuma irin wadda mu ke zance da lantarki ta ke aiki, ana jona ta da waya zuwa akwatin lasifika, amonta ya cika fili. Ƙungiyar irin wannan kiɗa, wanda Turawa ke kira rok, galibi mutum huɗu ne. Akwai mai jitar gaba, shi ke jan kiɗa. Akwai mai jitar rakiya, shi ke cike masa baya. Akwai mai wata jita mai kaurin murya, tsirkiyarta huɗu. Sai mai ganguna.

An haifi John Fogerty ran 28 ga watan Mayu, 1945. Ya tashi a wani ƙaramin gari, El Cerrito, kusa da birnin San Faransisko cikin jihar Kalifoniya. Su biyar ne maza a ɗakinsu, auren iyayensu kuwa ya mutu tun yana yaro. A makarantar midil ya gamu da waɗansu sa'o'insa biyu, Doug Clifford da Stu Cook, cikin 1959 suka haɗa kai suna kiɗa. John yana da wa, sunansa Tom, an haife shi cikin 1941, shi kuwa ya riga ya fara waƙa a gari. Da ya ga yaran sun iya, sai ya jawo su suka zama 'yan rakiyarsa. Faya-fayansu na fari, na 1961 da 1962, sunan Tom ne a gaba, shi ne kuma mai waƙa. Mai karatu ya riƙe wannan: da fari wan ne shugaba, ƙanen yana bayansa.

Cikin 1964 suka shiga hannun wani ƙaramin kamfanin faifai na San Faransisko, mai suna Fantasy. Da faifansu na farko a nan ya fito, sai suka ga an buga masa wani suna dabam, Golliwogs, ba da shawararsu ba. Sunan wata 'yar tsana ce da Turawa su kan yi don ba'a ga baƙar fata. Ba su so ba, amma suka haɗiye, don ba su da inda za su. John ma har aikin ɗaure kaya ya kama a kamfanin don ya sami abin sawa a baka. A cikin shekarun nan ne aka lura muryarsa ta fi ta wansa ƙarfi, hannunsa ya fi kaifi, waƙa kuma ta fi zo masa. Sannu a hankali Tom ya ja da baya ya riƙe jitar rakiya. Ana cikin haka yaƙin Biyetnam ya tsananta, cikin 1966 aka kira John da Doug aikin soja, suka shiga rundunonin ko-ta-kwana, ba a kai su bakin dāga ba.

Cikin 1967 wani ma'aikacin kamfanin, Saul Zaentz, ya haɗa kai da waɗansu masu kuɗi suka saye shi. Samarin sun san shi, suna ganinsa aboki. Ya yarda su jefar da sunan nan da su ke ƙi, su zaɓi nasu. Tom, mai mata da 'ya'ya, ya ajiye aikinsa na albashi ya rungumi kiɗa gaba ɗaya. Cikin watan Janairu, 1968, aka kawo musu takardar yarjejeniya, suka sa hannu.

To, nan sai mu tsaya kaɗan, don a kan takardar nan labarin duka ya rataya. A wurinmu in makaɗi ya ƙaga waƙa, ko wa ya rera ta sai a ce ta wane ce, shi ke nan. A dokar Turawa kuwa waƙa dukiya ce kamar gona, ana sayar da ita, ana gadonta. Kuma gonar biyu ce. Ta farko ita ce waƙar kanta, kalmominta da karinta. Duk wanda ya rera ta a faifai, ko ya sa ta a rediyo, ko a sinima, ko a talla, sai an biya mai wannan haƙƙi. Ta biyu ita ce muryar da aka ɗauka aka zuba a faifai. Takardar da samarin nan suka sa wa hannu ta ba kamfani duka biyun. Su nasu ɗan kaso ne ƙanƙane cikin cinikin faifai. John yana da ɗan rabonsa na wanda ya tsara waƙa, amma ba shi da ta cewa a kan inda za a kai ta ko wanda za a sayar wa. Bugu da ƙari, aka ɗora musu adadin waƙoƙi mai yawa da lalle sai sun kawo wa kamfani kafin su fita hannunsa.

Ga abin da ya sa na tuna da dattijon nan majemi. Samarin nan huɗu ba wanda ya dangwala yatsa cikinsu. Duk sun yi makaranta, Turanci kuwa harshen uwarsu ne. Stu ma har jami'a ya yi, ubansa kuma lauya ne. A cikin littafin tarihin rayuwarsa da ya fito cikin 2015, John ya ce sun ba Stu takardar ya kai wa ubansa ya duba, ya komo ya ce musu ba laifi. Stu kuwa ya daɗe yana cewa laifin John ne, tun da shi ya ɗora wa kansa sha'anin kuɗin ƙungiya alhali bai san kansa ba. Kowa da nasa zance. Abin da na ke gani ni shi ne, sun shekara tara suna kiɗa ba su ga komi ba, waƙoƙin da za su yi kuɗi kuwa ba a ma haife su ba tukuna. Wanda bai taɓa ganin gonarsa ta yi hatsi ba, ba ya jin zafin rabuwa da ita.

Hatsin kuwa bai daɗe ba ya zo, ya zo kamar da bakin ƙwarya. Faifansu na farko da sabon suna ya fito cikin 1968, wata tsohuwar waƙa da suka sabunta a ciki, Suzie Q, ta kai ta 11 a jerin waƙoƙin da aka fi saye a Amurka. A shekarar nan takardar sallamar John daga soja ta iso, don murna ya shiga ɗaki ya ɗauki jita, ya tsara waƙar da ta fi duk nasa suna, Proud Mary, labarin mutumin da ya bar aikin birni ya bi jirgin ruwa a kogi. Abin dariya, kogin Misisipi da fadamun kudancin Amurka da ya cika waƙoƙinsa da su, a lokacin bai san su da ido ba. Daga faya-fayan baƙaƙen mawaƙan kudu da sinima ya gina su a ransa, har mutane da yawa suka ɗauka ƙungiyar daga can ta fito.

Cikin 1969 kaɗai suka fitar da manyan faya-fayai uku, ɗaya a Janairu, ɗaya a Agusta, ɗaya a Nuwamba. Tsoro ne ke korar John, yana ganin in suka ɓace daga rediyo ko na wata guda za a manta da su, su koma ɗaurin kaya. Kiɗansa kuwa ya saɓa wa na makaɗan San Faransisko na zamanin, masu jan waƙa ɗaya har mai sauraro ya gaji. Yawancin nasa gajeru ne, minti biyu ko uku, kowace da ɗan karin jita a bakinta wanda da ka ji shi sau ɗaya ya zauna maka. A waɗansu ya kan sassauta tsirkiyoyin duka don amon ya yi kauri. Akwai wata, Fortunate Son, da ya yi a kan yadda 'ya'yan manya ke zillewa daga yaƙi a tura 'ya'yan talakawa. Har yau in Amurkawa za su yi sinima a kan Biyetnam da wuya su tsallake ta.

A watan Agusta na shekarar suka yi wasa a babban taron nan na Woodstock, inda mutum wajen 400,000 suka taru a wata gona cikin jihar New York. Ba a ba su fili ba sai bayan tsakar dare, jama'a da yawa sun yi barci cikin taɓo. John bai gamsu da wasan ba, ya hana a sa su cikin sinimar taron, sauran kuwa ba su ji daɗin haka ba. Cikin 1970 suka yi wasa a zauren Royal Albert na Landan, faifansu Cosmo's Factory kuma ya yi mako tara yana kan gaba a Amurka. Wani abin mamaki, waƙoƙinsu biyar sun kai matsayi na 2 a jerin Amurka, ba ko ɗaya da ta kai na 1, ko da ya ke Bad Moon Rising ta kai a Ingila.

Amma a cikin gida wuta na ci. John ne ke tsara waƙa, shi ke rerawa, shi ke jan jita, shi ke gaya wa kowa abin da zai kaɗa, shi ke shirya faifai, shi ke magana da kamfani. Ko amshi ma ya kan hana su, ya ɗauki muryarsa sau biyu sau uku ya amsa wa kansa. In sun yi magana sai ya nuna musu cinikin da a ke yi. Kuma gaskiyarsa ce, cinikin ana yi. Tom, wanda ya jawo yaran nan tun ba su san komi ba, ya zama ba a ba shi damar jan waƙa. Da farkon 1971 ya ajiye jitarsa ya fita.

Nan ne labarin ya taɓa ni, kuma ba ta gefen da na so ba. Da Yaya ya bar tuƙi, muka haɗa kuɗi muka sayi injin niƙa. Kuɗinsa ya fi nawa yawa, amma da ya ke ni ne na yi boko, ni ke riƙe da littafi, ni ke sayen mai, ni ke zuwa ofis in an kira. Yau da gobe sai na zama ni ke yanke magana, in na gama in gaya masa. Riba ta ƙaru, kuma ban ci masa ko anini ba. Ran nan ya ce mini, "Kai yanzu ko shawara ba ka yi da ni?" Na ce, "Yaya, ai ga littafi nan, duba ka gani in an yi hasara." Na san sarai ba ya karanta boko. Ya dube ni, ya ajiye makulli a kan buhu, ya fita. Shekara huɗu ba mu taka gidan juna ba, sai da gwaggonmu ta kira mu ta zaunar, ta yi ta faɗa tana kuka, har na durƙusa na ba shi haƙuri. Saboda haka in na karanta yadda John ya yi da Tom, ba na iya zaginsa da baki cike. Na san daɗin da mutum ke ji in yana da gaskiya a lissafi, na kuma san abin da daɗin nan ya ke rufe masa.

Da Tom ya tafi, Doug da Stu suka ci gaba da neman a ba su fili. Sai John ya juya gaba ɗaya, ya ce kowa ya tsara nasa waƙoƙin ya rera da kansa. Shi ya ce abin da suka roƙa ya ba su, su kuwa suka ce tarko ya ɗana musu don duniya ta yi musu dariya. Faifan, Mardi Gras, ya fito cikin Afrilu, 1972, masu sharhi a jaridu suka yi masa kaca-kaca. Ran 16 ga Oktoba na shekarar aka ba da sanarwa ƙungiya ta watse. Duk ɗaukakar tasu ba ta cika shekara biyar ba.

Sai takarda ta tashi aiki. Kamfani ya saki sauran, ya riƙe John, don shi ne saniyar tatsa, aka ce ana binsa manyan faya-fayai takwas. Kuɗin da suka tara kuma, an ba su shawara sun zuba a wani banki na tsibiran Bahamas don gudun haraji, bankin ya rushe da dukiyarsu. Suka yi ƙara, cikin 1983 kotu ta yanke a biya su dala miliyan 8.6, amma kaɗan ne ya shigo hannu. John ya fitar da faifai cikin 1973, wanda shi kaɗai ya kaɗa kowane abin kiɗa a ciki, da wani cikin 1975, daga nan waƙa ta ƙafe masa. Ya yi kusan shekara goma shiru. Cikin 1980, don ya kuɓuta daga Fantasy, ya yafe musu kason da ya ke samu na cinikin tsofaffin faya-fayan. Saul Zaentz kuwa ya shiga sana'ar sinima da ribar da kamfani ya samu, har finafinansa uku, na 1975 da 1984 da 1996, suka ci babbar lambar Oscar.

Cikin 1985 John ya komo da faifai mai suna Centerfield, ya hau kan gaba a Amurka. Amma bai iya kame bakinsa ba, ya sa waƙar habaici ga Zaentz a ciki, har sai da aka sake mata suna don gudun shari'a. Kamfani kuwa ya kawo ƙarar da ba a saba jin irinta ba. Suka ce wata sabuwar waƙarsa, The Old Man Down the Road, satar wata ce ta 1970, Run Through the Jungle. Wa ya tsara ta 1970 ɗin? John. Wa ke da ita? Kamfani. Watau ana ƙarar mutum ya saci kansa. Cikin 1988 aka zauna a kotun San Faransisko. John ya shiga akwatin shaida da jitarsa, ya kaɗa wannan, ya kaɗa waccan, yana nuna wa masu taya alƙali hukunci cewa waƙoƙin biyu ne dabam, abin da ya haɗa su hannu ɗaya ne ya yi su, kamar yadda a kan gane ɗinkin maɗinki a riguna biyu. Suka ba shi gaskiya. Amma kuɗin lauyoyi ya haura dala miliyan guda, aka ce shi zai biya abinsa. Ya ɗaukaka ƙara har Kotun Ƙoli ta Amurka. Ran 1 ga Maris, 1994, alƙalai tara duka suka goyi bayansa, suka ce a shari'ar haƙƙin mallaka ba a bambanta mai ƙara da wanda a ke ƙara wajen mayar da kuɗin lauya. Hukuncin nan har yanzu da sunansa a ke kiransa.

Shekara da shekaru ya ƙi rera tsofaffin waƙoƙinsa a gaban jama'a, don kada ya ƙara wa Zaentz ko kwabo. Cikin 1987, a wani ɗan gidan wasa, mawaƙin nan Bob Dylan ya zolaye shi, ya ce in bai rera Proud Mary ba duniya za ta ɗauka ta Tina Turner ce, don ita da mijinta Ike sun yi suna da ita cikin 1971. Ya rera. Ran 4 ga Yuli na shekarar ya rera waɗansu ga tsofaffin sojojin Biyetnam kusa da Washinton. Cikin 1990 ya tafi jihar Misisipi, ya tsaya a inda a ke cewa nan ne kabarin Robert Johnson, wani baƙin makaɗin jita da ya mutu matalauci cikin 1938. Ya ce a nan ya yi tunani, ko wane attajiri ne ke riƙe da takardun waƙoƙin mutumin nan, kowa ya san na Johnson ne. To, nasa fa? Duk da haka sai cikin 1997 ya koma rera su sosai.

Tom kuwa ya zauna a Fantasy yana fitar da nasa faya-fayan, ba su yi wani ciniki ba, kuma a rigimar nan ya tsaya a gefen Zaentz. Wannan ne John ya kasa haɗiyewa. An yi wa Tom aiki a baya, aka ƙara masa jini mai ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau. John ya je duba shi, amma ba su wanke abin da ke tsakaninsu ba. Ran 6 ga Satumba, 1990, Tom ya mutu yana da shekara 48. Na kan ce a raina, da suna da gwaggo irin tamu! Ko da ya ke ban mance ba, tamu ma sai da ta shekara huɗu tana fama kafin mu zauna.

Cikin 1993 aka shigar da ƙungiyar zauren girmama makaɗan rok na Amurka. Matar Tom ta zo da tokar gawarsa cikin tulu, don waɗansu Turawa su kan ƙone mamacinsu, tana zaton ukun da suka rage za su yi kiɗa tare ko sau ɗaya. John ya ƙi. Ya hau dandamali da waɗansu makaɗa dabam, Doug da Stu suka tashi da iyalansu suka fita. A nan kam ban ga abin da zan kāre shi da shi ba. Cikin 1995 su biyun suka kafa tasu ƙungiya da suna mai kama da na da, suna kaɗa waƙoƙin John, aka sake komawa kotu.

Dattijon nan majemi ya rasu ban gyara masa amsata ba. Da zan sake ganinsa, sai in ce, "Baba, karatun da ka yi ya tsare maka ƙofa ɗaya, ba mai karanta maka abin da babu shi a takarda. Amma takarda tana da abin da ta ke faɗi yau, tana da abin da za ta aikata bayan shekara goma, sa'ad da abin da ka bayar ya yi daraja. Na biyun nan ko mai digiri ya kan kasa gani in yana cikin ɗoki. Kada ka sa hannu ran da aka kawo ta. Ka kai wa wanda ya san doka, wanda ba shi da rabo a ciki, ka kuma ji amsar da kunnenka, kada ka aiki wani." Sa'an nan in ƙara masa da wanda ban taɓa faɗa wa aji ba, cewa mai karatu shi ma ya kan cuci nasa da littafi, ko da lissafinsa daidai ne.

Cikin 2004 Zaentz da abokansa suka sayar da Fantasy ga wani kamfani mai suna Concord. Sababbin masu shi suka mayar wa John kason da ya yafe cikin 1980. Zaentz ya mutu cikin Janairu, 2014. Matar John, Julie, wadda ya aura cikin 1991, ita ta ɗauki sauran aikin. Akwai wata jita ƙirar Rickenbacker da ya yi wasan Woodstock da ita, wadda ya ba wani yaro kyauta bayan watsewar ƙungiya, don ba ya son ganinta. Julie ta bi sawunta ta sayo, ta ajiye masa ran Kirsimati na 2016. Sa'an nan ta juya kan waƙoƙin. Dokar Amurka ta ba wanda ya tsara tsohuwar waƙa ikon karɓar haƙƙinsa na cikin ƙasar bayan shekara 56, wa'adin kuwa ya matso. Da wannan suka shiga ciniki, cikin Janairu, 2023, John ya sayi kaso mafi yawa na haƙƙin waƙoƙinsa a duniya duka. Yana da shekara 77, shekara 55 ke nan daga ran da ya sa hannu. Da kuɗinsa ya sayi abin da ya fito daga kansa.

Gona ta biyu, watau tsofaffin faya-fayan, ta zauna a hannun Concord. Cikin Agusta, 2025, bayan ya cika shekara 80, ya fitar da sabon faifai, ya sake ɗaukar ashirin daga cikin tsofaffin waƙoƙin. 'Ya'yansa biyu, Shane da Tyler, wa da ƙane, su suka taya shi, su ne kuma ke tsayawa gefensa da jitocinsu in ya fita wasa.

Da faifan ya fito na sa jikana ya zuba mini shi a waya, na tafi gidan Yaya da la'asar. Na same shi a zaure, idonsa ya yi rauni yanzu. Bayan mun gaisa na kunna, ban ce masa komi ba. Ya karkata kunne, ya ɗan jima, ya ce, "Kai, wannan ba mutumin motata ba ne? Ashe yana nan da rai?" Na ce, "Yana nan, Yaya." Ya ce, "Ƙara mini murya." Na ƙara, ya shiga buga gwiwarsa da yatsu.